Kaɗi da Saƙar Mata a Ƙasar Zamfara

Bilbis gari ne a ƙasar Tsafe, cikin Jihar Zamfara. Ƙasar nan, har zuwa Gusau da Bunguɗu, ƙasar auduga ce tun zamanin kakanni. Maza su ne ke nomanta, amma da ta shigo gida sai aiki ya koma hannun mata.

Da fari mace takan ɗora auduga bisa magurji, ta murza ta da ɗan ƙarfe har angurya ta fita. Wannan shi ne gurza. Sa'an nan ta ɗauki bakan shiɓa ta shiɓe ta, ta yi laushi. Daga nan sai kaɗi. Takan riƙe auduga a hannun hagu, ta murza mazari da dama, tana shafa alli a yatsunta don kada su yi santsi. Zare mai kauri shi ake kira abawa, siriri kuwa arafiya.

Saƙa iri biyu ce. Maza sukan saƙa ƙyalle siriri mai tsawo, a ɗinɗinka shi ya zama riga. Masaƙar mata kuwa a tsaye take, jingine da bango a cikin gida. Mace takan zura zare, ta buga shi da akwasha ya matsu. Da haka take fid da gwado, da zane, da majanyi na goyon yaro.

Amfanin sana'ar nan babba ne. Mace ba ta bar ɗakinta ba, amma ga ta da kuɗin kanta. Takan ba yaro ya kai mata kasuwa. Da ribar takan sayi akuya, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki, ta taimaki maigida in hatsi ya ƙare kafin kaka.

Amma zamani ya juya. A shekarar 1929 hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Gusau ta kai Ƙauran Namoda. Sai aka riƙa kwasar auduga zuwa Ingila, ana kawo yadi da atamfa masu araha. Tufar da mace za ta kwana da yawa tana saƙawa, inji yakan yi ta nan da nan. Saboda haka masu saye suka ragu, yau galibi tsofaffi ne suka san riƙon mazari.

Sana'ar hannu ba a littafi take zaune ba, a yatsu take. In tsohuwa ta rasu ba ta koya wa kowa ba, ta tafi da iliminta ke nan. Yarinyar da ta taso daga makaranta ta zauna kusa da kakarta ta koya, ta sami gado mai daraja. Hausawa sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin abawa da arafiya?
2. Me mace take yi da akwasha?
3. Me ya sa masu sayen saƙar gida suka ragu?