Ƙaramar Mota da Tsadar Mai a Agadas

1. Gari mai nisa

Agadas babban birni ne a bakin Sahara, kudu da duwatsun Abzin. Duk inda mutum ya nufa daga Agadas, doguwar tafiya ce. Zuwa Arlit wajen kilometir 240 ne. Zuwa Tawa wajen 400. Zuwa Damagaram wajen 450. Zuwa Yamai kuwa ya fi kilometir 900.

Gero da shinkafa da sukari da siminti, duka a mota su ke zuwa Agadas. Albasar da a ke nomawa a lambunan Tabelot, a mota ta ke fita zuwa kasuwannin kudu. Mai lambu ma injin ban ruwa ya ke tayarwa, injin kuwa mai ya ke sha. Saboda haka in mai ya yi tsada, ba direba kaɗai ke kuka ba. Tiyar gero ta kan tashi. Kuɗin kabu-kabu ya kan tashi. Har mara lafiyan da za a kawo asibiti daga ƙauye, sai an ƙara masa kuɗin mota.

Mai iri biyu motoci ke sha. Akwai esansi, wanda a ke kira fetur a Najeriya. Shi moto da yawancin ƙananan motoci ke sha. Akwai kuma gazuwal, na manyan motoci. Dukansu daga ɗanyen mai a ke tace su. A kasuwar duniya da ganga a ke auna ɗanyen mai, ganga guda kuwa litir 159 ce.

2. Shekarar da mai ya tashi

Kafin 1973 mai yana da araha a duniya. Ganga guda wajen dala 3 ce ta Amurka. Dalar Amurka dabam ta ke da dalar kasuwar Agadas, wadda ta ke tamma 5. A zamanin nan Amurkawa suna ƙera dogayen motoci masu nauyi, masu shan litir 17 ko 18 a kilometir 100, ba wanda ya damu.

A watan Oktoba na 1973 yaƙi ya ɓarke tsakanin Isra'ila da ƙasashen Masar da Siriya. Sai ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka rage haƙowa, suka daina sayar wa Amurka da Holand. Cikin ƴan watanni ganga ta kai wajen dala 12, watau ta ninka sau huɗu. A Holand da Jamus ta Yamma aka hana fita da mota ranar Lahadi har na wasu makonni. A Amurka aka kafa doka a 1974, cewa kada gudun mota ya wuce wajen kilometir 90 a awa. A 1979 aka yi juyin juya hali a Iran, mai ya sake tashi. Kafin ƙarshen 1980 ganga ta haura dala 30.

Da masu saye suka ji a aljihunsu, sai suka juya ga ƙananan motoci. Japan ce ta fi cin ribar wannan hali. Ta riga ta fito da Toyota Corolla a 1966, da Honda Civic a 1972. Motocin nan wajen rabin man motocin Amurka su ke sha, ko ƙasa da haka. Daga baya ƙananan Toyota, irin Corolla da Starlet, su ne suka cika titunan Yamai suna aikin taksi.

3. Me ya sa ƙaramar mota ba ta shan mai da yawa?

A cikin inji mai yana gauraya da iska, ya kama da wuta, ƙarfin wutar ya juya tayoyi. Amma ba duk ƙarfin man ke tura mota ba. Kashi ɗaya ne kawai cikin uku ko cikin huɗu. Sauran zafi ne, yana fita tare da hayaƙi ko ya bi iska. Don haka ne injin mota ya ke ƙuna bayan tafiya.

Abu huɗu ke ƙara wa mota shan mai.

Na ɗaya, nauyi. Jakin da aka ɗora wa buhu biyu ya fi mai buhu ɗaya gajiya. Haka mota. Ƙaramar mota ba ta cika kai tan ɗaya ba, kat-kat kuwa ta kan wuce tan biyu tun ba a loda ta ba.

Na biyu, girman inji. Babban inji ya fi ƙarami zuƙar mai, ko da mota tana tsaye yana aiki.

Na uku, iska. Mota mai gudu ture iska ta ke yi. In gudu ya ninka sau biyu, turjiyar iska ta kan ninka sau huɗu. Kayan da aka tula bisa mota suna ƙara wannan turjiya.

Na huɗu, taya da hanya. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana jan ƙasa. Hanya mai rairayi ko ramu ta fi kwalta cin mai.

Masu ƙera mota sun daɗe suna neman dabarun rage waɗannan abubuwa. A 1997 kamfanin Toyota ya fito da Prius, mota mai inji biyu, na esansi da na lantarki, suna taimakon juna. A 1999 kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da wata ƙaramar Lupo mai shan litir 3 na gazuwal a kilometir 100. Daga baya ya ƙera XL1, wadda a wajen gwaji ba ta cika litir 1 ba, da taimakon batir. Amma mutum biyu kaɗai ta ke ɗauka, kuɗinta ya fi miliyan 70 na sefa, guda 250 kawai aka ƙera. Ga shi kuma cikinta dab da ƙasa ya ke. Irin wannan mota ba za ta hau hanyar Timiya ba.

4. Doki biyu a Tenere

Shin ƙaramar mota tana iya shiga hamada? An taɓa gwadawa.

A 1948 kamfanin Citroën na Faransa ya nuna wata ƙaramar mota mai suna 2CV, watau "doki biyu". An yi ta domin manoman karkara. Nauyinta wajen kilo 600 ne ko ƙasa da haka. Injinta ba ya bukatar ruwa, iska ke sanyaya shi. Wajen litir 5 ko 6 ta ke sha a kilometir 100.

A ƙarshen 1973, daidai lokacin da mai ke tashi a duniya, wasu samari suka taso daga Abijan da 2CV guda 60. Suka shigo Nijar, suka ratsa Tenere, suka isa Tunis bayan tafiyar wajen kilometir dubu 8. Rashin nauyi ya taimake su, domin in mota ta kafe a rairayi mutane kaɗan sun isa su tura ta. Amma ba su kaɗai suka yi tafiyar ba. Manyan motoci na biye da su, ɗauke da mai da ruwa da kayan gyara.

Wannan ya nuna iyakar ƙaramar mota. Tana iya ɗaukar kanta da mutum biyu, amma ba ta iya ɗaukar guzurin hamada. Daga Agadas zuwa Bilma wajen kilometir 600 ne, yawancinsa rairayi. A rairayi direba ya kan rage iskar taya, ya bi da ƙaramar giya, shan mai ya kusa ninkawa. Dole ya ɗauki tano-tano na mai da bido-bido na ruwa. Shi ya sa masu zuwa Dirku da Bilma, da masu neman zinariyar da aka gano a Jado a 2014, kat-kat su ke hawa, irin Hilux da Land Cruiser, ko manyan motoci. Ba son ɓarna ya sa ba, hanya ce ta tilasta.

5. Man Nijar da kuɗinsa

Shekaru da yawa Nijar daga waje ta ke sayen duk manta. Wanda ya sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, sai ya yi fiye da kilometir 1500 kafin ya iso Agadas. A 1977 gwamnati ta kafa kamfanin SONIDEP domin ya riƙa sayo mai, ya ajiye, ya rarraba.

A watan Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar SORAZ, arewa da Damagaram, a kan hanyar Agadas. An gina ta don ta tace ganga dubu 20 a rana. Ɗanyen man daga Agadem ya ke zuwa ta cikin bututu. Gwamnati ce ke yanka kuɗin litir a gidajen mai. A 2012 esansi ya koma tamma 579. A 2013 ya koma 540, watau dala 108. A watan Yuli na 2024 aka mai da shi 499, watau dala 100 ba tamma ɗaya. Gazuwal kuwa ya tashi daga 538 zuwa 668 a watan Agusta na 2022, sa'an nan aka rage shi zuwa 618 a 2024.

Amma kuɗin gidan mai dabam, na bakin hanya dabam. Mutane da yawa wajen ƴan ruwa-ruwa su ke saye, masu sayarwa a kwalba. A kudu mansu daga Najeriya ya ke shigowa, a arewa kuwa har da na Libiya da Aljeriya. A watan Mayu na 2023 Najeriya ta janye tallafin fetur, kuɗinsa ya ninka fiye da sau biyu cikin ƴan kwanaki. Man kwalba ya daina araha, jama'a suka koma gidajen mai. A watan Maris na 2025 aka yi ƙarancin esansi a Nijar, aka ga dogayen layuka, kuɗin kwalba ya yi sama. A irin wannan rana, mai motar da litir 5 ke isa ya fi mai bukatar litir 15 kwanciyar hankali.

6. Lissafin direba

Da "litir a kilometir 100" a ke auna shan man mota. Ga yadda a ke yi. A cika tanki, a rubuta lambar kilometir. A yi tafiya, a sake cika tanki. A raba litir ɗin da aka ƙara da nisan da aka yi, a ninka da 100.

Ga misali. A ce za a je Tawa, kilometir 400, litir kuwa tamma 500.

Ƙaramar mota mai shan litir 6 za ta sha litir 24, watau jika 12.

Kat-kat mai shan litir 14 za ta sha litir 56, watau jika 28.

Bambanci jika 16 ne a zuwa kawai.

Amma lissafi bai ƙare ba, sai an duba mutum nawa ke ciki. In ƙaramar motar ta ɗauki mutum 4, kowa litir 6 ya ci. In direba ne shi kaɗai, litir 24 ya ci. A ce kuma babbar motar fasinja tana shan litir 30 a kilometir 100, tana ɗauke da mutum 60. Za ta sha litir 120, amma kowane fasinja litir 2 ne rabonsa. Ashe ƙanƙantar mota kaɗai ba ta isa ba. Tambayar ita ce: litir nawa, domin mutum nawa, a kan wace hanya?

7. Daidai ruwa, daidai tsaki

Kowane abin hawa da inda ya fi amfani. A cikin gari akwai ƙafa da keke da moto da adaidaita sahu. A kan kwalta akwai ƙaramar mota da motar fasinja. A rairayi da duwatsu akwai kat-kat. Ayarin gishirin da ke zuwa Fashi da Bilma bayan damina kuwa, raƙumansa ba su shan ko litir ɗaya. Wanda ya tada kat-kat domin ya sayo burodi a kasuwa, kuɗinsa ya ƙona.

Kowace irin mota ce, direba na iya rage shanta. Ya duba iskar taya kafin tafiya. Ya kakkaɓe matacin iska, musamman lokacin hunturu da ƙura ta yi yawa. Ya sauke kayan da ba ya bukata. Ya kashe inji in tsayuwa za ta daɗe. Ya rage gudu, domin tafiya sannu-sannu kwana nesa. Ɗan Agadas ba shi ne ke yanka kuɗin ganga a kasuwar duniya ba, amma yawan litir ɗin da zai ƙona yana hannunsa.

Kalmomi

Matata: masana'antar da a ke tace ɗanyen mai.
Turjiya: ƙarfin da ke hana abu tafiya gaba.
Kat-kat: motar da injinta ke juya tayoyinta huɗu duka.
Tallafi: kuɗin da gwamnati ke cikawa domin kaya su yi sauƙi.
Matacin iska: abin da ke tare ƙura kada ta shiga inji.

Tambayoyi

1. Me ya sa tsadar mai ta ke shafar mai lambu a Tabelot?
2. Me ya faru da kuɗin ganga tsakanin 1973 da 1974?
3. A faɗi abu huɗu da ke ƙara wa mota shan mai.
4. Don me manyan motoci suka bi ayarin 2CV a Tenere?
5. Mota ta sha litir 18 daga Agadas zuwa Arlit. Litir nawa ta ke sha a kilometir 100?
6. Tamma 540 dala nawa ce? Litir 20 a wannan kuɗi jika nawa ne da dala nawa?

Aiki

A tambayi ɗan kabu-kabu ko mai adaidaita sahu litir nawa ya ke saye a rana, da mutum nawa ya ke ɗauka. A rubuta amsar da Hausa da Faransanci, a kawo aji.