Na'urar Hannu Mai Auna Tururin Nukiliya

Tururin nukiliya ba shi da launi, ba shi da wari, kuma jiki ba ya jin shigarsa. Mutum zai iya wuni a kan dutsen da ke fitar da shi yana hira, bai san abin da ake ciki ba. Yana fitowa ne daga wasu ma'adinai irin su yuraniyom, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa yana ko'ina, a ƙasa da duwatsu da iskar da ake shaƙa. Da wannan kaɗan ɗin aka saba rayuwa. Sai ya yi yawa yake lalata ƙwayoyin jiki, ya jawo ciwon daji bayan shekaru.

A 1928 wasu Jamusawa biyu, Hans Geiger da ɗalibinsa Walther Müller, suka kyautata wani bututu mai iskar gas a ciki. Duk sanda tururi ya ratsa bututun, sai wutar lantarki ta motsa, na'urar ta yi ƙas. Inda babu matsala, jefi-jefi ake jin ƙarar. Inda tururi ya yi yawa kuwa, sai ta ruɗe da ƙas-ƙas-ƙas kamar gugguru a kasko.

Ta zamani ba ta fi tafin hannu ba sosai, da batir take aiki, tana da fuska mai nuna lamba. Ma'aunin da aka fi amfani da shi ana kiransa maikrosibat a awa ɗaya. A yawancin garuruwa lambar tana yawo ne tsakanin 0.1 da 0.2.

Amma ganin lamba kaɗai ba ya wadatarwa. A da, mai awo yana tafe da biro da littafi, yana rubuta lamba da wuri da lokaci, kuma kuskure ba ya ƙarewa. Yanzu an haɗa wa na'urar GPS mai gane inda take, da ɗan kati mai adana bayani. Wasu ma suna tura awon kai tsaye zuwa wayar hannu ta Bluetooth, ba tare da igiya ba.

Japan ce ta nuna amfanin wannan. Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka lalata tashar nukiliya ta Fukushima. Jama'a suna son sanin ko unguwarsu lafiya take, bayanan hukuma kuwa ba su kai ga kowane lungu ba. Sai wasu 'yan sa-kai suka kafa ƙungiyar Safecast, suka ƙera na'ura mai suna bGeigie. Ana ɗaure ta a jikin tagar mota, ita kuma duk daƙiƙa 5 tana rubuta awo tare da wurin da aka ɗauke shi. Da aka zuba bayanan a taswira a intanet, kowa ya gani da idonsa cewa a gari ɗaya wannan titi zai iya bambanta da wancan ƙwarai.

A Nijar ma an ga aikinta. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, daga baya aka buɗe wani ramin a Akokan. A watan Nuwamba 2009 ma'aikatan ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace suka zaga titunan Akokan da na'urorinsu, suka sami wani wuri da awon dab da ƙasa ya kusa ninka na al'ada sau 500. Duwatsun da aka fitar daga ramin haƙa ne aka yi cikon hanya da su, mutane suna ta bi ta kai. Da aka nuna wurin, sai aka zo aka kwashe.

'Yan gwangwan su ne ya fi kamata su san wannan na'ura. A 1987, a birnin Goiânia na ƙasar Brazil, wasu mutane biyu suka ɗauko wani ƙarfe daga asibitin da aka daina amfani da shi, suka fasa, suka sayar wa wani ɗan gwangwan. Garin da ke ciki, mai fitar da tururin nukiliya, yana sheƙi shuɗi a cikin duhu, har aka riƙa rarraba wa 'yan uwa don sha'awa. Mutum 4 suka mutu, aka auna sama da mutum 100,000.

Mai awo yakan riƙe na'urar kamar mita ɗaya daga ƙasa, ya ɗan dakata lambar ta natsu. Yana da kyau ya fara auna wurin da aka san lafiya yake, don ya sami abin kwatantawa. Idan lamba ta yi tsalle a kusa da wani abu, ba a taɓawa, ba a ɗauka. Ja da baya ake yi, domin idan ƙaramin abu ne, ninka nisa sau biyu yana mayar da tururin kashi ɗaya cikin huɗu. Daga nan sai a sanar da hukuma; a Najeriya, NNRA ce ke da wannan aiki. Ruwan sha da abinci kuwa, na'urar hannu ba ta isa ta wanke su daga zargi ba, sai an kai samfurinsu ɗakin gwaji.