Shawarwari Bakwai Kan Shanya Kayan Miya

Kusan kashi 94 cikin 100 na ɗanyen tumatir ruwa ne, kuma ruwan nan ne ke sa shi ruɓewa cikin 'yan kwanaki. Daga Janairu zuwa Maris tumatirin rani na su Kadawa da Kura yakan cika kasuwa da araha, ga iska a bushe. Uwargida, lokacin yin kauɗa ke nan, kafin tsadar damina.

1. Zaɓi nunanne mai tauri. Wanda ya fashe ko ya yi laushi, a yi miyar yau da shi, domin rana ba ta gyara ruɓaɓɓe.

2. Raba tumatir gida biyu ko huɗu, ki jera shi cikinsa na kallon sama, ki ɗan barbaɗa gishiri don ya tsotso ruwan. Kuɓewa kuwa a yanka ta siri-siri.

3. Kada ki shanya a ƙasa ko a bakin kwalta. Shimfiɗa tabarma mai tsabta a kan tebur, ki rufe da siririn mayafi saboda ƙura da ƙudaje. Ɓeraye sun fi su haɗari: fitsarinsu da kashinsu a kan abinci na yaɗa zazzaɓin Lassa.

4. Kwashe shanya kafin magariba. Raɓar dare tana mayar da aiki baya, kuma da dare ɓera ke yawo.

5. Ganye ba ya son rana. Kuka, zogale da lalo a inuwa mai iska ake busar da su, sai su riƙe korensu da amfaninsu.

6. Gwada kafin ki ajiye. Busasshiyar kuɓewa karyewa take yi ƙas, tattasai kuma za ki ji 'ya'yansa na motsi idan kin girgiza. Idan masara ce, zuba kaɗan a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, ki rufe ki girgiza sosai. Gishirin ya manne a jikin kwalbar? To, da saura, a mayar rana.

7. Bari kayan su huce tukuna, sannan ki zuba a mazubi mai murfi, nesa da randa da jikin bango. Ki riƙa dubawa lokaci-lokaci. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar, kada ma a ba kaji: gubarta tana lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.