Shawara ga Mai Son Shiga Gudun Fanfalaki na Mata a Nagoya

A watan Maris na kowace shekara akwai ranar Lahadi guda da ake rufe manyan titunan birnin Nagoya na ƙasar Japan, motoci su kauce, mata su cika hanya. Tun 2012 aka buɗe gasar gudun fanfalaki ta birnin ga duk macen da ke sha'awa, bayan shekarun da aka shafe ana keɓe ta ga ƙwararru kaɗai. A 2018 mata 21,915 suka shiga, har kundin Guinness ya rubuta ta a matsayin gudun fanfalaki na mata zalla mafi girma a duniya. Tsawon hanyar kilomita 42.195 ne, kuma ana ba da sa'o'i 7 a kammala.

Ba a daɗe da samun wannan dama ba. A 1967 wani jami'in gasar Boston ta Amurka ya biyo Kathrine Switzer a guje yana neman fizge lambar da ke jikin rigarta, don kawai ita mace ce. Sai a 1984 aka fara gudun fanfalaki na mata a wasannin Olamfik. Yau Nagoya ta zama fagen gwanaye: Naoko Takahashi ta ci gasar a 2000, ta wuce Sidni ta ɗauko zinaren Olamfik a shekarar, Ruth Chepngetich 'yar Kenya ta gama cikin sa'o'i 2 da minti 17 da daƙiƙa 18 a 2022, ta tafi da dala 250,000. Amma irinsu 'yan ƙalilan ne a sahun gaba. Sauran dubbai ma'aikatan ofis ne da ɗalibai da uwaye, har da masu jikoki, burinsu su kai ƙarshe da ƙafarsu. Da ke nake, 'yar'uwa, in kina cikin waɗannan.

Hanyar Nagoya shimfiɗaɗɗiya ce, 'yan kallo suna tafi gefe da gefe, lokaci kuma da yalwa. Wannan sauƙin shi ke ruɗin sabuwar shiga. Kammala gasar ya dogara da abu biyu: aikin da kika yi a watannin shiri, da haƙurin da kika yi a rabin farko na hanya.

Kafin ki yi rajista

Fara da ganin likita. A duba hawan jini da zuciya, a kuma auna jini. Ƙarancin jini ya fi kama mata saboda al'ada da haihuwa, kuma mai shi takan ji haki da kasala tun a kilomita na farko, ta ɗauka ragwanci ne. Mai juna biyu, da wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, da mai ciwon suga ko asma, kada ɗayansu ta fara sai likita ya amince.

Kada kuma Nagoya ta zama gasarki ta farko. Ki gwada kilomita 10, sannan rabin fanfalaki mai kilomita 21. Mazauniyar Najeriya tana da Lagos Women Run mai kilomita 10, da kuma babbar gasar Legas da ake yi a watan Fabrairu tun 2016. A irin waɗannan za ki koyi gudu cikin cunkoso, da karɓar kofin ruwa ba tare da kin tsaya cak ba.

Ana buɗe rajistar Nagoya watanni da dama kafin ranar, ta intanet, kuma gurbi ba ya jira. Ki haɗa lissafin biza da tikiti da masauki tun a lokacin. Ki duba kalanda ma: a 2025 gasar ta faɗo cikin watan azumi. In haka ta sake faruwa a shekarar da kika zaɓa, ki nemi fatawar malami tun kafin ki biya kuɗi, ko ki ɗaga zuwa wata shekara. Gudun kilomita 42 ba ruwa ba abinci ganganci ne da rai.

Watannin shiri

Wadda ta riga ta saba da kilomita 10 tana buƙatar mako 16 zuwa 20. Ki fita sau uku ko huɗu a mako. Fita biyu ko uku gajeru ne, ɗaya kuma doguwa, ranar da ba ki da aiki. Doguwar ita ce ginshiƙi: ki fara da kilomita 12, ki riƙa ƙara ɗaya ko biyu kowane mako, har ki kai 30 ko 32 saura mako uku a yi gasa. Bayan kowane mako uku ki sassauta na mako guda, jiki ya farfaɗo. A mako ukun ƙarshe kafin ranar gasa ragewa ake yi. Wadda ta ga lokaci ya ƙure ta ce bari ta rama atisayen da ta rasa, gajiya kawai za ta kai Nagoya.

Mafi yawan gudunki ya zama sassarfa, irin wadda za ki iya hira da abokiyar tafiya ba tare da numfashi ya sarƙe ba. In magana ta gagara, kin yi sauri. Haɗa gudu da tafiya kuma ba abin kunya ba ne. Mata da yawa sun gama gasar da tsarin gudun minti huɗu ko biyar, tafiyar minti ɗaya, tun daga farko har ƙarshe. Sharaɗin shi ne ki saba da shi a gida.

Ki fita bayan asuba kafin rana ta yi zafi, ki nemi abokiya ko rukunin mata saboda tsaro da ƙarfafa gwiwa. Ciwon da ke yawo a jiki bayan atisaye gajiya ce. Wanda ya tsaya wuri guda a gwiwa ko ƙashin ƙauri, yana ƙaruwa in kin taka, wannan sai hutu da likita.

Kayan sawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da zai taɓa jikinki ranar gasa, daga kambas zuwa ɗan kwali, sai wanda kika riga kika yi doguwar fita da shi.

Ƙafa takan kumbura a doguwar hanya, don haka ki sayi kambas ɗin da ya bar sararin faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunki da bakin takalmi. Ki yanke farce saura kwana biyu ko uku. Farcen da ya yi ta dukan takalmi sa'o'i biyar yakan tara jini a ƙarƙashi, ya yi baƙi, daga baya ya cire. Safar auduga tana riƙe gumi ta kawo bororo. Ki nemi ta 'yan wasa.

Rigar mama ta wasanni ita ce abin da mata suka fi kuka da shi bayan gasa. In ta yi sako-sako ƙirji ya yi ciwo, in ɗinkinta ya yi kaushi ya goge fata. Ba za ki ji komai a hanya ba. Sai kin shiga wanka, ruwa ya sauka a kan jan layin da ke ƙarƙashin ƙirji da hammata da tsakanin cinyoyi, sannan raɗaɗin zai tashi. Maganin ba tsada: ki shafa basilin da kauri a waɗannan wurare kafin ki sa kaya.

Mai son suturta jikinta ba ta rasa abin sawa ba. Akwai hijabin wasanni mara nauyi da ba ya buƙatar fil, kamfanin Nike ma ya fitar da nasa a 2017, akwai dogon wando da riga mai dogon hannu da ke sauka ƙasa da ƙugu. Yadin dai ya zama mai saurin bushewa. Sanyin Nagoya a watan Maris yana taimaka wa mai irin wannan shiga.

Ki lissafa kwanakin al'adarki. In za ta zo daidai da gasa, ana iya gudu da ita, sai dai ki gwada audugar da za ki sa a wata doguwar fita, ki kuma saka ɗaya a aljihu. Kada ki sha maganin ciwo irin su ibuprofen kafin gudu ko a hanya, domin yana iya wahalar da ƙoda da ciki.

Isowa da safiyar gasa

Japan tana gaban Najeriya da Nijar da sa'o'i 8. Lokacin da za a tashi gasar, ƙarfe 9:10 na safe, jikinki yana ganin ƙarfe ɗayan dare ne. Ki isa da kwana huɗu ko biyar don barci ya daidaita. Daga Tokiyo jirgin ƙasa mai sauri yana kai mutum Nagoya cikin ƙasa da sa'o'i biyu. Ana karɓar lambar ƙirji a kwanakin da suka gabaci gasa, a rufaffen filin wasa na Nagoya Dome, inda gudun ke tashi kuma yake ƙarewa. Akwai baje koli a wurin. Ki karɓi lambarki, ki ɗan zaga, ki koma masauki. Yawon gari da ganin fadar Nagoya sai bayan gasa.

A kwana biyun ƙarshe ki yawaita shinkafa da taliya da burodi, ki rage mai da yaji. Ki kula da naman alade da giyar girki da ke shiga miyar Japanawa da dama. Akwai masallaci a birnin, a nan za a nuna miki inda ake samun halal.

Ki karya kumallo saura sa'o'i uku. Ki fita da wuri, domin layin banɗaki a taron mata dubu ashirin ba ƙarami ba ne. Safiyar tana da sanyi, kuma za ki daɗe a tsaye a sahu, sai ki ɗora wani abu mara nauyi da zai tare miki iska.

Lissafin hanya

Sa'o'i 7 a kilomita 42.195 ya kama kusan minti 10 ke nan a kowace kilomita. Amma in kina sahun baya, za ki ɓata mintoci masu yawa kina jan ƙafa kafin ki taka layin farawa. Sannan akwai shingaye a hanya, kowane da lokacin rufe shi. Wadda ta iso a makare, mota ce za ta ƙarasa da ita. Ki rubuta lokutan shingayen a takarda ki ɗaura a hannu, ki tsara gudunki a kan minti 9 ko ƙasa da haka, don tsayawar banɗaki ta samu gurbi.

Hatsarin yana kilomita goman farko. Kiɗa na tashi, ƙafa ba nauyi, mata suna wuce ki ta dama da hagu, wani lokaci ki hango gwanaye sun juyo a ɗaya hannun titi. Zuciya za ta ce ki bi su. Ki dubi agogonki. In kin fi saurin da kika tsara, ki rage, ko da kina jin kamar wasa kike. Yawancin waɗanda suka wuce ki a nan za ki tarar da su a gaba suna tafiya.

Dalilin yana cikin jiki. Hanta da tsoka suna adana sikarin da ake gudu da shi, kuma rumbun ba ya kai mutum ƙarshen hanya. Wajen kilomita 30 zuwa 35 yakan yi ƙasa, jiki ya koma dogaro da kitse, wanda ba ya ba da ƙarfi da sauri. Nan cinyoyi suke yin nauyi, sha-raɓa ta fara ɗaurewa, lissafi mai sauƙi ya gagara, wata ma hawaye ya zubo mata ba dalili. Duk saurin da kika yi da farko yana matso da wannan wuri kusa. Don jinkirta shi, ki fara cin wani abu tun bayan minti 45, ki ci gaba a kai a kai, gram 30 zuwa 60 na abinci mai sikari kowace sa'a. Ayaba ɗaya tana da kusan gram 25. Dabino ma yana yi, in cikinki ya saba da shi a atisaye. In nauyin ya zo duk da haka, ki daina tunanin abin da ya rage. Ki sa wa ranki teburin ruwa na gaba kawai, ki yi tafiya minti ɗaya, ki sake ɗagawa.

Ruwa kuma a sha da hankali. Wani bincike a kan masu gudun Boston na 2002 ya gano kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka gwada gishirin jininsu ya yi ƙasa, musamman waɗanda suka sha fiye da kima kuma suka haura sa'o'i huɗu a hanya. Ki sha gwargwadon ƙishi, kurɓi biyu ko uku, ki riƙa haɗawa da ruwan 'yan wasa mai gishiri. In kin ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko amai da ruɗewa, ko kin ga zobe ya matse yatsa ga ciwon kai, ki tsaya wurin ma'aikatan lafiya. Gasa tana dawowa baɗi.

Bayan layin ƙarshe

A cikin Dome ake ƙarasawa. Nagoya ta yi suna da kyautar kammalawa: shekaru da dama sarƙar wuya ce ta kamfanin Tiffany, maza sanye da baƙar kwat suke miƙa ta, a 2025 aka koma kofin kamfanin Baccarat. Kada ki zube ƙasa da kin tsallaka layi. Ki ci gaba da takawa na minti goma, ki canza jiƙaƙƙun kaya kafin sanyi ya kama ki, ki ci abinci cikin sa'a guda. Kwana biyu masu zuwa saukowa daga bene zai yi wuya, don haka kada ki sa dogon jirgin komawa gida washegari. Ki huta mako ɗaya ko biyu kafin ki koma gudu.

'Yar'uwa, in niyyar ta shiga ranki, kada ki fara da neman tikitin Japan. Ki je a auna jininki cikin makon nan, ki nemi abokiyar fita, ki yi kilomita uku ranar Asabar. Allah ya ba da lafiya da sa'a.