Amsoshin Tambayoyinku: Shirin zuwa ɗaukar hoto

Wata mai sauraronmu daga Zariya na tambaya, wane shiri ake yi kafin a je wurin ƙwararren mai hoto?

To Malama, fara da gaya masa amfanin hoton, na neman aiki ne ko na ratayewa a falo, ku kuma daidaita kan kuɗi. Ki samu barci isasshe. Wajen tufafi kuwa a kula sosai: atamfa mai ƙananan zane tana rawa a kyamara, farar shadda kuma ƙyallinta kan danne fuska, don haka launi ɗaya mai ɗan duhu ya fi. Ki goge kayan, ki riƙe hoda saboda maiƙo. In a waje ne, ku bari sai bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi. Kuma don Allah kada ki yarda a sauya launin fatarki a kwamfuta.