Yaron da ya san ushuri bai kamata ya faɗi a kashi cikin ɗari ba

Yaran da ke zuwa mana ƙaramar sakandare daga Masanawa da sauran ƙauyukan Kabo da Gwarzo ba baƙin lissafin rabo ba ne. Da kaka suna tsaye a masussuka ake fitar da zakkar gero da dawa, buhu ɗaya cikin goma. Sun ji cewa mai noman rani da injin ban ruwa ɗaya cikin ashirin yake fitarwa, mai kuɗi da ɗan kasuwa kuwa ɗaya cikin arba'in. Amma ka rubuta 1/10 da 0.1 da 10% a allo ka tambayi wanne ya fi yawa, sai aji ya dare gida uku. Lissafi nake koyarwa, kuma a ganina laifin namu ne mu malamai. Mukan koyar da lissafin bisa a wannan zango, lamba mai ɗigo a wancan, kashi cikin ɗari can gaba, yaro ya tashi bai san mutum ɗaya ne yake sauya riga ba.

Abin da ya fi yi mini amfani bai wuce igiya ba. Mukan fita fili, a miƙe ta a ƙasa, wannan baki sifili, wancan ɗaya. Kowane yaro ya karɓi 'yar takarda: wani 1/2, wani 0.25, wani 75%, wani 3/4, wani 0.5. Sai a ce kowa ya je ya tsaya a gurbinsa. Nan ake gardama. Mai 3/4 ya tarar da mai 75% ya riga shi wurin, ya ce a matsa masa, 'yan aji su ce ai wurinku ɗaya. Mai 0.25 kuwa sau da yawa yakan wuce mai 0.5 ya tsaya gaba, don a tunaninsa ashirin da biyar ta fi biyar. Ba na gyara masa da bakina. Sai in sa a naɗe igiyar biyu, a sake naɗewa, shi da kansa ya dawo baya.

Wannan kuskure na ɗigo yana da dalili. Tun da aka koma naira da kwabo a 1973, kwabo ɗari a naira ne babban malamin ɗigo, kamar yadda sisi da taro suka koya wa kakanninmu rabi da kwata na sule. Yanzu yaro bai taɓa riƙe kwabo ba. Don haka nakan nemo ɗigo inda yake raye: lambobin lita da ke gudu a jikin famfon gidan mai, da ragowar kuɗin kati a waya.

Ga kashi cikin ɗari kuwa, a kawo tsohon buhun taki aji. NPK 15-15-15 mai kilo 50 yana nufin kashi 15 cikin ɗari na kowane sinadari, wato kilo 7.5. Yuriya kashi 46 ce, kilo 23 ke nan na naitirojin a buhu. Ɗan manomi da ya gano wannan da alƙalaminsa ba ya ƙara tambayar amfanin darasin. Idan aji ya cika maƙil, kamar yadda namu suke, a raba su rukuni-rukuni, kowanne da marfin kwalba ko ƙwallon dabino ɗari, a jera goma-goma. Layi ɗaya shi ne ushuri, shi ne 0.1, shi ne kashi goma.

Sai gwaji, inda muka fi sakaci. Tambaya irin “mayar da 3/5 zuwa kashi cikin ɗari” hadda kawai take aunawa. Yaro zai ci ta yau, ya manta kafin jarrabawar BECE. Gara tambaya kaɗan wadda aka ɗana don ta fito da abin da ke kan yaro. Na fi son in tambaya: tsakanin 1/4 da 1/8 wanne ya fi, kuma me ya sa? Wanda ya ce 1/8 don takwas ta fi huɗu, sai in tuna masa karatun gado na Islamiyya. Matar da mijinta ya rasu bai bar ɗa ba rubu'i take samu, idan ya bar ɗa sai ta koma sumuni. Shin ƙara mata aka yi ko ragewa? Nan take yake ganewa, kuma 'yan mata sukan riga maza. Haka 1/2 a tara da 1/3: duk wanda ya rubuta 2/5 ba sai an duba aikinsa ba, a tambaye shi kawai ko 2/5 ta kai rabi. Ta yaya za a ƙara wa rabi wani abu ya dawo bai kai rabi ba?

Ba na jiran ƙarshen zango. Kowa ya rubuta amsa babba-babba a bayan littafinsa, a ɗaga tare lokaci guda, in leƙa in ga yawan waɗanda suka kauce da kuma hanyar da suka bi. Rabin maki na amsa ne, rabi na bayani, kuma ina karɓar bayanin da Hausa, domin lissafi nake aunawa, ba Turanci ba. Na san akwai abokan aiki da ba su yarda da ni a kan wannan ba.

Iyaye ma ga tambayar da za ku gwada yaranku da ita bayan sallar isha'i. A ce tiyar masara naira 1,000 ce, ta tashi da kashi 20, daga baya ta sauka da kashi 20. Nawa ta koma? Yawancin yara, har da wasu manya, za su ce 1,000. Amsar 960 ce, domin saukar daga 1,200 aka cire ta. Wanda ya ce dubu kada a faɗa masa amsa, a ba shi ƙwallon dabino goma sha biyu a ce kowanne naira ɗari ne, ya fitar da humusinsu da hannunsa.