Haƙƙin Maƙwabtaka a Birnin Gwari

Tun da Allah ya nufa aka yi sulhu da 'yan bindiga a ƙarshen 2024, kasuwar shanu ta koma ci, matafiya suka sake bin hanyar Kaduna, ya wajaba ga mazauna gidajen gwamnati su sani amanar da ke wuyansu ta wuce bakin ƙofarsu. Kwatar da ta toshe, ku yi gayya ku yashe ta kafin damina. Kangon da ciyawa ta rufe, inda samari ke laɓewa suna shaye-shaye bayan isha'i, ku sassabe shi, domin nan fitina take somawa. Baƙon da ba a san asalinsa ba kuwa, a kai maganarsa ga mai unguwa, kada kowa ya yanke masa hukunci da zato. Malamanmu, ku tunatar da jama'a wannan a huɗubar Juma'a.